Finafinan Gidan Aljanu: Wa Suke Tsoratarwa a Ƙasar Tasawa?

Finafinan ban tsoro iri-iri ne. Akwai na mahaukacin da ke bin mutane da wuƙa, akwai na dabbar da ke fitowa daga ruwa, akwai na gawarwakin da ke tashi suna cizon masu rai. Wani reshe da ya daɗe yana ci a kasuwa kuwa shi ne na iyalin da wani abin ɓoye ya addaba a cikin gidansu. Zubin labarin kusan guda ne ko'ina. Miji da mata da 'ya'yansu sun tare a wani tsohon gida da suka samu da araha. Kwana kaɗan sai kare ya ƙi shiga, agogo ya riƙa tsayawa a lokaci guda kowane dare, ƙofa ta riƙa buɗe kanta. Autar gidan ta fara hira da wata ƙawa da ba mai ganinta sai ita. Uwa ce kan fara gane cewa ba lafiya ba, uba kuwa sai ya yi ta gardama har ranar da abin zai taɓa shi. Daga nan a kira mai addu'a, a tono tarihin gidan, a gano wani kisa ko wani alkawari da aka binne, sannan a yi karon ƙarshe.

Fim ɗin da ya buɗe wa wannan reshe babbar ƙofa shi ne The Exorcist, wanda William Friedkin ya ba da umarninsa a 1973. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 12 da shaiɗan ya shiga jikinta, uwarta ta gaji da zaryar asibiti, ta koma wajen limaman cocin Katolika. Jaridun lokacin sun ba da labarin mutanen da suka suma ko suka yi amai a gidajen silima. Bayansa sai The Amityville Horror na 1979, wanda ya yaɗa wata dabara da har yau masu sana'ar ba su saki ba, wato tallata fim da cewa abin da za a gani ya faru da gaske. Tushen labarin gaskiya ne: a Nuwamban 1974 wani saurayi, Ronald DeFeo, ya harbe uwarsa da ubansa da ƙannensa huɗu a gidansu da ke Amityville, a jihar New York ta Amurka. Bayan shekara guda iyalin Lutz suka sayi gidan, suka yi kwana 28, suka gudu suna cewa ba ya zaunuwa. Sai dai daga baya lauyan DeFeo, William Weber, ya fito ya ce shi da iyalin ne suka zauna suka tsara labarin. Waɗanda suka shiga gidan bayansu kuma sun ce abin da kawai ya hana su sakat shi ne 'yan kallo masu leƙen taga.

Ba a rabu da wannan dabara ba saboda tana kawo kuɗi. The Conjuring na James Wan, wanda ya fito a 2013, ya ɗauko labarin iyalin Perron, masu 'ya'ya mata biyar, da suka tare a wani gidan gona a Rhode Island a 1971. An kashe masa kimanin dalar Amurka miliyan 20, ya dawo da fiye da miliyan 300. Paranormal Activity ma ya fi ban mamaki: a gida ɗaya aka ɗauke shi da kimanin dalar Amurka 15,000, ya tara kusan miliyan 200. Fim ɗin yaƙi yana buƙatar jirage da dubban mutane. Fim ɗin gidan aljanu kuwa ɗaki da duhu da ƙofa mai ƙara sun ishe shi.

To, shin suna ba da tsoro da gaske? Jikin ɗan Adam dai yana amsawa. Idan ƙara ta faɗo ba zato, wani ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari yakan ba da umarni tun kafin tunani ya iso: zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya yi gumi, tsikar jiki ta tashi. Masu shirya fim sun san haka sarai. Sukan janye kiɗa har a ji shiru ya yi nauyi, su bar rabin hoton cikin duhu don ido ya yi ta lalube, su sa mage ta faɗo don mai kallo ya sauke ajiyar zuciya, sannan a daidai wannan lokacin su sako fuskar. Rabin aikin na kunne ne. Wanda ya kashe sautin irin wannan fim zai ga mutane kawai suna yawo a ɗaki da fitila.

An ma gwada auna abin. A 2020 wani kamfanin Ingila mai suna broadbandchoices ya ɗaura wa mutum 50 na'urar ƙirga bugun zuciya, ya nuna musu finafinai masu yawa. Sinister na 2012, labarin marubucin da ya kai iyalinsa gidan da aka yi kisa, shi ya zo na ɗaya: bugun zuciyar masu kallo ya tashi daga kimanin 65 a minti zuwa 86. Gwajin ya fi kama da talla fiye da binciken jami'a, kuma abin da ya auna razana ce. Razana kuwa ko yaro ya laɓe a bayan ƙyaure ya yi ihu zai samar da ita, kuma kafin a ƙirga goma ta wuce, sau da yawa ma dariya ce ke biyo bayanta. Tsoron da ya cancanci sunan shi ne wanda ke bin mutum har shimfiɗarsa, ya hana shi fita fitsari da dare. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmak sun bi mutum 110 a wani gidan wasan tsoratarwa, suka gano cewa daɗin abin yana tsakiya ne: idan tsoron ya yi kaɗan a gundura, idan ya yi yawa daɗin ya gudu. Wato yawancin masu kallo ba tsoro tsantsa suke saye ba, suna sayen ɗanɗanonsa ne a inda suka san ba abin da zai same su.

Wannan tsoro na biyu, mai bin mutum gida, ba ya cikin fim ɗin shi kaɗai. Yana buƙatar mai kallo ya ga gidansa a cikin gidan da ake nunawa. A nan ne tambayar ke sauya fuska idan aka kawo ta Baudeta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da sauran ƙasar Tasawa da Mayahi a jihar Maradi ta Nijar.

Da farko akwai yadda fim ɗin ke isowa. An shirya shi ne don babban allo, a ɗaki mai duhu, da lasifikoki ta kowace kusurwa, kowa ya yi tsit. A karkarar Maradi kuwa yakan zo ne ta hannun masu tura finafinai a waya ranar kasuwa, ko ta hannun ɗan ci-rani da ya dawo daga Kano ko Katsina da kati cike. Ana kallonsa a allon da bai wuce tafin hannu ba, samari biyar ko shida sun haɗa kai a bakin shagon cajin waya, wani na tauna gyaɗa, wani na ba wa jarumar shawara da ƙarfi kada ta buɗe ƙofar. Idan kuma fassararre ne, irin aikin da kamfanoni kamar Algaita na Kano suka shahara da shi, to mai fassara yakan cika shirun da darakta ya sha wahala wajen ginawa, wani lokaci ma da barkwanci. Aljanin da aka sa wa bakin Kano yana zagi da Hausa ya riga ya zubar da rabin kwarjininsa.

Sai gidan kansa. Gidan fim ɗin Amurka na katako ne, mai bene, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da wani ɗakin tarkace a ƙarƙashin rufi, yana tsaye shi kaɗai a bakin daji. Mutum biyar ko shida ne a ciki, kowane yaro da ɗakinsa, kuma ko an kwana ana ihu ba maƙwabcin da zai ji. Duk ƙarfin labarin a kan wannan kaɗaici yake. Gidan manomi a Baudeta ba haka yake ba. Daga zaure zuwa tsakar gida, ɗakunan matan gida, ɗakin tsohuwa, rumbuna, turken awaki, ba inda mutum zai juya bai ga wani ba. Yara a tabarma ɗaya suke kwana, da bazara ma kowa a waje yake. Katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, kuma tari mai ƙarfi ya isa ya sa a leƙo a tambayi lafiya. Tambayar da mai kallo na nan kan yi tun fim bai yi nisa ba ita ce: ina danginsu? Me ya hana matar ta kwashi yaranta ta tafi gidan iyayenta? Amsar a can ita ce bashin banki, domin duk abin da iyalin suka mallaka yana cikin gidan. Wannan damuwa ce ta gaske ga Ba'amurke, amma ba ta taɓa zuciyar wanda ya gaji gidansa daga kakansa ya kuma yaɓe shi da hannunsa.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A taswirar da aka gada, mazaunin iskoki yana waje: gindin tsamiya da kuka, kufai da kango, suri, tsohuwar rijiya, juji, da guguwar da ke ratsa gona da tsakar rana. Abin da ya fi kusa da gida shi ne makewayi, shi ma an tanadar masa addu'ar shiga. Akwai lokutan da ake kiyayewa, tsakar rana da almuru, shi ya sa ake kiran yara su shigo idan rana ta faɗi, kuma ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla. Ma'anar duk wannan ita ce akwai iyaka, kuma an san yadda ake tsare ta. Labarin ginin da aljanu suka kama, a Nijar, ya fi fitowa daga makarantu. An sha samun 'yan mata suna faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya, kuma bayanin da mutanen gari kan bayar, kamar yadda masaniyar al'adu Adeline Masquelier ta rubuta, shi ne an sare itatuwan da iskoki ke zaune aka gina makarantar a wurin. Wato ko a nan ɗan Adam ne ya shiga gidan iska, ba iska ce ta shigo nasa ba.

Akwai kuma batun ko wane ne mai addabar. A yawancin finafinan Turawa mamaci ne, tsohon mai gidan da ya ƙi tafiya. Hausawa sun san fatalwa a hira da tatsuniya, amma karatun da yaro ke samu tun daga makarantar allo shi ne wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya ja ƙafar kowa. Aljani kuwa wata halitta ce daban, daga wuta, kuma sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Don haka matar da ta mutu shekara ɗari da suka wuce tana yawo da farar riga ba ta da wurin zama sosai a zuciyar mai kallo Musulmi. Gicciye da ruwan coci da addu'ar Latin su ma kallo ne kawai a wurinsa.

Inda finafinan ke fara cizo shi ne inda suka bar gini suka koma jini. Hereditary na Ari Aster, 2018, ba ruwansa da tsohon gida. Kaka ce ta mutu, sannan a hankali 'yarta ta gano cewa tsohuwar ta riga ta yi alkawarin jikanta ga wani shaiɗani. Ba inda za a gudu, domin abin a zuri'a yake. Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasar Maradi. Tun kafin Musulunci ya game karkara, kowane gidan Azna yana da iskokin da ya gada, abin da ake kira kan gida, kuma ana yi musu yanka da akuya ko kaza mai launin da suke so. Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas sun yi shekaru suna nazarin wannan a kwarin Maradi, littafin ita Jacqueline kan bori ya fito a 1972. Sunayen Doguwa, Kure, Sarkin Rafi, Ɗan Galadima da Malam Alhaji har yau ba a manta da su ba. Jikoki sun musulunta, an bar yankan, amma idan ɓari ya yi yawa a gida, ko ciwo ya ƙi jin magani, akan samu wata tsohuwa da za ta ce ƙasa-ƙasa: na gado ne, an yi watsi da su ne suke neman hakkinsu. Wanda ya taɓa jin wannan magana a ɗakin kakarsa ba zai kalli Hereditary kamar yadda ɗan birnin Landan zai kalle shi ba.

Haka nan finafinan ƙasashen Musulmi. A Turkiyya Hasan Karacadağ ya fara jerin Dabbe a 2006, Alper Mestçi kuma ya fara Siccin a 2014. Siccin na farko labarin wata mata ce da ke son wani danginta mai aure, ta je wurin boka a yi wa matarsa asiri. Ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba a garin da ake binne laya a bakin ƙofa, ake kuma zargin kishiya da sammu. A Indonesiya, Pengabdi Setan na Joko Anwar, 2017, ya nuna uwar da ta nemi haihuwa ta hanyar masu bautar shaiɗan, bayan mutuwarta aka zo karɓar autan. A waɗannan finafinai ana jin kiran salla, ana ganin mace da hijabi tana salla abin yana tsaye a bayanta, malami yana karanta ayoyin da mai kallo ya haddace. Addu'ar da shi kansa yake dogara da ita ce ake gwadawa a gabansa, kuma sau da yawa darakta yakan bar malamin ya sha kaye. Wannan ya fi kowace fuskar roba tayar da hankali, kuma shi ya sa wasu ke ganin kallon irinsu bai dace ba sam.

Duk da haka akwai wani abu da kusan dukkan finafinan suka rasa. Amsa ɗaya suka sani, wato yaƙi: a kori abin ko ya hallaka gidan. Ƙasar Hausa ta san amsa biyu. Ta malamai ita ce rukiyya, da Ayatul Kursiyyu, da Falaƙi da Nasi, da karanta Baƙara a gida, a ƙona aljani ko a sa shi ya yi alkawarin fita. Ta 'yan bori kuwa sulhu ce: a yi girka, a san wace iska ce, a ba ta abin da take so, mutum ya zauna da ita har ƙarshen ransa, wani lokaci ma ta zame masa hanyar abinci. A masarautar Maradi, Iya, wadda ake naɗawa daga gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori, kamar yadda Inna take a Tibirin Gobir. Amsoshin biyu ba sa ga maciji da juna. A Nuwamban 2000, lokacin tarzomar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, gidajen 'yan bori na cikin wuraren da aka far wa a Maradi. Iyalin da uba ke son a kira mai rukiyya, kaka kuma tana son a kira mai garaya, suna cikin wani rikici da ya fi na iyalin Perron zurfi, kuma har yanzu labari ne da ke jiran mai ɗauka.

Masana'antar Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta ginu ne a kan soyayya da rikicin aure da waƙa, bisa sawun finafinan Indiya. Aljani da boka suna yawan leƙowa, amma da hoda a fuska, da jan ƙyalle, da murya mai amsa-kuwwa, da ɓacewa fat a bar hayaƙi. Yara kan yi ihu, manya kan yi dariya. Ana ɗora laifin a kan rashin kuɗi, alhali Paranormal Activity ya nuna ba kuɗi ne matsalar ba. Matsalar gaggawar nunawa ce. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Dodon tatsuniya ya fi ƙarfi a bakin kaka, cikin duhu, domin kowane yaro shi ke ƙera nasa a ransa.

Akwai waɗanda abin ba wasa ba ne a wurinsu. Mai fama da dannau, wanda kan farka ya kasa motsi yana jin an danne masa ƙirji, likitoci sun bayyana cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta farka kafin jikinsa ya saki daga barci. Fim yakan ba wannan nauyi fuska, daren gaba kuma fuskar ce za ta zo. Sai masu farfaɗiya da taɓin hankali, waɗanda finafinan ke koya wa jama'a kallon alamun ciwonsu a matsayin shigar aljani. A Jamus, Anneliese Michel, mai farfaɗiya, ta mutu a 1976 tana da shekara 23, bayan zaman korar shaiɗan 67 da aka yi mata, ta rame har ta ƙare. A 1978 kotu ta samu iyayenta da limaman coci biyu da laifin sakaci. Labarinta aka juya ya zama The Exorcism of Emily Rose a 2005, inda aka bar ƙofa a buɗe cewa wataƙila shaiɗan ne. Bhool Bhulaiyaa na Indiya, 2007, wanda masu kallo Hausawa da yawa suka sani, ya bi ta ɗaya hanyar: fatalwar da ta addabi gidan ta zama ciwon ƙwaƙwalwa ne a jikin amarya, likita ne kuma ya gano.

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar abin su ne yara. A 1999 Kristen Harrison da Joanne Cantor sun tambayi ɗaliban jami'a kimanin 150 a Amurka. Kusan tara cikin goma sun ce akwai fim ko shirin talabijin da ya taɓa tsorata su tsoro mai ɗorewa, fiye da rabi sun samu matsalar barci ko cin abinci, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun ce har lokacin abin bai sake su ba. Waɗanda suka kalla suna ƙanana su ne tsoron ya fi daɗewa a jikinsu. A Amurka ba a barin ɗan ƙasa da shekara 17 ya shiga kallon The Conjuring sai da babba. A kasuwannin ƙasar Tasawa kuwa fim ɗin yakan zo a kati ɗaya da wasannin Ibro da waƙoƙin biki, wayar kuma sau da yawa a hannun yara take kwana.